Yaƙin Koriya: Yadda Sin Ta Ba Da Jini, Ta Kuma Biya Kuɗin Bindiga

A daren 19 ga Oktoba 1950 sojojin ƙasar Sin suka fara ƙetare kogin Yalu zuwa Koriya ta Arewa ƙarƙashin jagorancin Peng Dehuai. Ba su shiga da sunan rundunar gwamnati ba, an kira su dakarun sa kai, don kada a ce Beijing ta ƙaddamar da yaƙi a kan Amurka. Bindigogin da ke kafaɗunsu tarkace ne: wasu an ƙwato daga Japanawa, wasu ƙirar Amurka ne da aka karɓe daga sojojin Chiang Kai-shek a yaƙin basasa. Makaman zamani suna hannun Tarayyar Sobiyat, kuma shugabanta Stalin ya riga ya faɗi sharaɗinsa: zai bayar, amma bashi ne.

Tun kafin yaƙin shugaban Sin Mao Zedong ya ɗanɗani halin mutumin. Ya isa Mosko a Disambar 1949, ya yi kusan wata biyu kafin a sa hannu a yarjejeniyar ƙawance ranar 14 ga Fabrairu 1950. Abin da ya samu shi ne rancen dala miliyan 300 da za a bayar cikin shekara biyar, da kuɗin ruwa na kashi ɗaya cikin ɗari. Sobiyat kuwa ta ci gaba da riƙe sansanin jiragen ruwa na Port Arthur na ɗan lokaci, ta kuma sami kaso a kamfanonin haƙar mai da ma'adinai a Xinjiang.

A Afrilun wannan shekara shugaban Koriya ta Arewa Kim Il-sung ya sami amincewar Stalin ya mamaye Koriya ta Kudu, bisa sharaɗin Mao ma ya yarda. Ranar 25 ga Yuni tankokin T-34 ƙirar Sobiyat suka ƙetare iyaka, bayan kwana uku Seoul ta faɗi. Amma da Janar MacArthur na Amurka, kwamandan rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya, ya sauke dakaru a Inchon ranar 15 ga Satumba, sai reshe ya juye da mujiya. Sojojin Kim suka watse, rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya ta doshi iyakar Sin.

Firaministan Sin Zhou Enlai ya garzaya gidan hutun Stalin a gaɓar Bahar Aswad yana neman abu biyu: makamai, da jiragen sama da za su kare sojojin ƙasa. Stalin ya ce jiragensa ba za su shirya ba sai bayan wata biyu ko fiye. Duk da haka Mao ya yanke shawarar shiga. Abin da wannan ke nufi a fagen fama shi ne sojan Sin ya yi tafiya da dare, ya ɓuya da rana, kuma ba ya hura wuta don kada hayaƙi ya tona masa asiri. Guzurinsa soyayyen garin alkama ne da aka haɗa da na wake da gishiri, a cikin siririyar jaka da yake rataye a wuya. Ya dumbuza da hannu, ya kora da dusar ƙanƙara. A kusa da tafkin Chosin, dubban sojojin da aka kwaso daga yankuna masu ɗumi ba tare da kayan sanyi ba suka rasa yatsu da ƙafafu, wasu suka daskare a ramukansu. Ɗan Mao na fari, Mao Anying, harin jirgin sama ne ya kashe shi ranar 25 ga Nuwamba.

Jiragen Sobiyat sun zo, amma bisa ƙa'idar Stalin. Ranar 1 ga Nuwamba 1950 aka fara ganin MiG-15 a sararin Yalu. Matuƙan Rashawa ne, sanye da kakin Sin, jiragen kuma ɗauke da tambarin Koriya ta Arewa. An umarce su su yi magana da harshen Koriya a rediyo, umarnin da ke tashi a banza da zarar an fara musayar wuta. An hana su tashi a kan teku ko kusantar bakin daga, don kada a kama ko da mutum ɗaya da rai. Aikinsu shi ne kare gadojin Yalu da hanyar dogo. A nan sun taka rawa: bayan asarar da suka jawo wa manyan jiragen B-29 a Oktobar 1951, Amurka ta mayar da yawancin hare-haren waɗannan jirage zuwa dare. Wani abin mamaki, injin MiG-15 kwaikwayon injin Rolls-Royce Nene ne, wanda gwamnatin Ingila da kanta ta yarda a sayar wa Sobiyat bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Maganar kuɗi an daddale ta a Fabrairun 1951: makaman da aka ba Sin bayan shigarta yaƙi za ta biya rabin kuɗinsu. Daga baya aka amince a wadata manyan rundunoni 60 da kayan yaƙi, amma kawowar ta ja har zuwa 1954, bayan an daina harbi. Da yawa daga cikin kayan ragowar yaƙi da Jamus ne, irin su bindigar Mosin da PPSh. Stalin ya yi kyautar ɗaruruwan jiragen MiG-15 a 1951, sai dai hakan ya biyo bayan sayar wa Sin da MiG-9 ne, waɗanda ba sa iya karawa da jiragen Amurka.

A cikin gida gwamnati ta buɗe gangamin karo-karo don sayen jirage da igwa. Ma'aikata suka ba da wani ɓangare na albashi, manoma suka ba da hatsi. Wata 'yar wasan daɓe daga lardin Henan mai suna Chang Xiangyu ta zaga garuruwa da ƙungiyarta har ta tara kuɗin jirgin yaƙi guda.

Yaƙin ya kuma sauya alƙiblar ciniki. Amurka ta yanke hulɗar kasuwanci da Sin a Disambar 1950, Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa takunkumin kayan yaƙi a Mayun 1951. Daga nan akasarin cinikin Sin na waje ya koma ga Sobiyat da Gabashin Turai: waken suya, naman alade, shayi da ma'adinai suna tafiya, injuna da man fetur suna zuwa. Roba ce ta gagara, domin ba ta fitowa a ƙasashen sanyi. Sai Sin ta shiga dasa itacen roba a tsibirin Hainan, ta kuma ƙulla yarjejeniyar musayar shinkafa da roba da Ceylon, wato Sri Lanka ta yau, a 1952.

Stalin ya mutu a Maris 1953, aka tsagaita wuta ranar 27 ga Yuli a Panmunjom. Koriya ta Arewa ce ta fi morar zumuncin 'yan gurguzu. Sobiyat ta ba ta kyautar rubul biliyan ɗaya, Jamus ta Gabas ta sake gina birnin Hamhung, Poland da Romaniya suka ɗauki dubban marayu. Ita kuwa Sin ta yafe wa Kim duk abin da ta kashe masa a yaƙin, alhali nata bashin yana nan a littafin Mosko.

Gaskiya ne taimakon Sobiyat, musamman manyan ayyuka 156 na masana'antu, shi ya aza harsashin masana'antun Sin. Amma sabo da kaza ba ya hana yanka. Da saɓani tsakanin ƙasashen biyu ya yi tsanani, shugaban Sobiyat Khrushchev ya janye ƙwararrunsa 1,390 a 1960, ana tsakiyar yunwar da ta hallaka miliyoyin Sinawa. Mosko ta yi tayin ɗage biyan wani ɓangare na bashin ciniki a 1961, sai dai Mao ya fi son a rabu ba a bin sa ko kwabo. A wata wasiƙa ta Fabrairun 1964, jam'iyyar kwaminis ta Sin ta tuna wa ta Sobiyat cewa mafi yawan rancen ya tafi ne kan makaman da aka ƙarar a Koriya. A 1965 aka gama biya, kafin wa'adi. Shekara huɗu bayan haka sojojin ƙasashen biyu suka buɗe wa juna wuta a tsibirin Zhenbao da ke kogin Ussuri.

Darasin ya iso har Afirka. A Janairun 1964, a birnin Accra, Zhou Enlai ya bayyana ƙa'idoji takwas na taimakon da Sin za ta riƙa bayarwa: babu gindaya sharaɗi, rance ba ruwa ko da ruwa kaɗan, kuma ƙwararrun Sin su rayu daidai da takwarorinsu na ƙasar da suka je. Duk wanda ya san tarihin bashin yaƙin Koriya ya san da wa ake. A kan wannan tsari aka ba da rancen da ya gina layin dogo na TAZARA daga Dar es Salaam zuwa Zambiya, wanda aka miƙa wa ƙasashen biyu a 1976.