Débogage USB: yadda ake haɗa wayar Android da kwamfuta don gwada manhaja

Débogage USB wata ƙofa ce a cikin wayar salula ta Android, wadda masu ƙirƙirar manhajoji ke buɗewa don kwamfuta ta ba wayar umarni kai tsaye. Ta nan suke ɗora manhajar da suke rubutawa a Android Studio, su gwada ta a kan waya ta gaske, su karanta rahoton kurakuranta a Logcat. Abin da ke ɗaukar saƙon tsakanin na'urorin biyu shi ne adb, wanda Google ke bayarwa kyauta a cikin Platform-Tools.

Tun daga Android 4.2 ake ɓoye wannan ƙofa. Sai mutum ya shiga « Paramètres », ya je « À propos du téléphone », ya taɓa « Numéro de build » sau 7, sannan « Options pour les développeurs » ya bayyana. A ciki ake kunna « Débogage USB ». Wurin yana ɗan sauyawa tsakanin Tecno, itel da Samsung, amma hanyar ɗaya ce.

Da an jona kabul, wayar za ta tambaya ko ta amince da wannan kwamfuta. Idan aka rubuta adb devices sai aka ga « unauthorized », mai wayar bai amsa ba tukuna; « device » na nufin an haɗu. Idan babu abin da ya fito, sau da yawa laifin kabul ne, domin masu arha da dama caji kawai suke yi, ba sa ɗaukar bayanai. A Windows kuma wasu wayoyin sai an saka pilote ɗinsu. Daga Android 11 ana iya haɗawa ta Wi-Fi da lambar sirri mai alƙaluma 6, muddin dukansu suna kan rezo ɗaya.

Inda ya kamata a yi hattara shi ne waccan tambayar amincewa, wadda aka shigo da ita a Android 4.2.2. Kwamfutar da aka amince da ita tana iya saka manhaja, ta kwashe hotuna, ta ɗauki hoton allo. Wanda ke barin wayarsa wurin mai caji ko mai gyara a kasuwa gara ya kashe débogage tukuna, ya kuma danna « Révoquer les autorisations de débogage USB » don share kwamfutocin da ya taɓa amincewa da su.