Gado Ko Ƙuri'a: Gidajen Siyasa A Ƙasar Katsina

 Yau hirarmu a kan gidajen siyasa ce, kuma daga nan gida Musawa za mu fara.

Iyayenmu sun san marigayi Alhaji Musa Musawa, ɗan gwagwarmaya a tafiyar Malam Aminu Kano. Tafiyar nan ta faro ne da NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, kuma kukanta shi ne kada mulki ya zama gadon wasu 'yan gidaje, talaka yana kallo. Allah ya yi wa Alhaji Musa rasuwa a 2023, a shekarar kuwa aka naɗa 'yarsa Hannatu minista.

Sai mu leƙa birnin Katsina. Malam Musa 'Yar'aduwa ɗan NPC ne, ministan harkokin Legas a jamhuriya ta farko. Ɗansa Shehu ya zama na biyu a gwamnatin Obasanjo daga 1976 zuwa 1979, ya kafa babbar tafiyar siyasa, ya rasu a kurkukun Abakaliki a 1997. Tafiyar tana cikin waɗanda suka haifi PDP, wadda Umaru ya yi gwamna a cikinta daga 1999, ya zama shugaban ƙasa a 2007. A 2023 ƙanensu Abdul'aziz ya ci kujerar sanata a APC. Amma ku lura, Umaru yana matashi PRP ya bi, jam'iyyar talakawa, ya bar layin mahaifinsa. Ashe ra'ayi ba a gadonsa kamar gona.

To me ake gada? Suna, da jama'a, da ƙofofin da ke buɗewa tun kafin a ƙwanƙwasa. A zaɓen fidda gwani, inda wakilai ƙalilan ke yanke hukunci, waɗannan sun fi komai nauyi. 'Yar manomin da ke da ilimi da kishi sau da yawa a nan take tsayawa.

Ba laifi ba ne ɗan gida ya nemi kujera. Sai dai mu matan Arewa ba mu samu 'yancin zaɓe ba sai a shekarun 1970, bayan su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri. Saboda haka in an zo mana da atamfa da sabulu ana cewa ɗan wane ne, mu tambaya: shi me ya yi? Asibitin haihuwa, takin zamani, tsaron gonakinmu, ina aikinsa a kai?