Rubutun Mahaɗi da Matsayin Shafi a Injin Bincike: Nazari kan Google daga 1998 zuwa 2016

Tsakure

Wannan maƙala ta duba tasirin kalmomin da ake rubutawa a kan mahaɗi, waɗanda mai karatu ke latsawa, wajen ɗaga shafi ko sauke shi a sakamakon Google. Ta gano cewa tun daga 2007 yawan maimaita kalma bai wadatar ba, sai ta dace da abin da ke cikin shafin.

Waiwaye

A maƙalarsu ta 1998, Sergey Brin da Larry Page na Jami'ar Stanford sun bayyana cewa injinsu yana jingina rubutun mahaɗi ga shafin da aka nuna, ba ga wanda aka rubuta shi a kai kaɗai ba. Hujjarsu ita ce sau da yawa abin da wasu suka faɗa game da shafi ya fi abin da shafin ya faɗa game da kansa daidai. Yabon kai jahilci ne. Daga shafuka miliyan 24 sun tattara irin wannan rubutu sama da miliyan 259. A 2001 masu bincike Craswell da Hawking da Robertson suka nuna cewa wajen gano babban shafin wata cibiya, rubutun mahaɗi ya ninka rubutun cikin shafi amfani.

Inda muka saɓa shi ne da masu sana'ar tallata shafuka. Sun ɗauki wannan gaskiya suka mayar da ita lissafin kanti: kashi kaza na mahaɗai su ɗauki ainihin kalmar da ake nema, kashi kaza sunan kamfani, sauran a barbaɗa. Google bai taɓa fitar da irin wannan ma'auni ba. Mafi yawan alƙalumman da suke kafa hujja da su sun nuna abu biyu ne suna tafiya tare kawai, ba su nuna ɗaya ya haifi ɗaya ba, domin shafin da ya riga ya yi suna shi ake yawan ambata da sunansa.

Hanyar Bincike

An bi sanarwar Google da rahotannin da aka buga a lokacin, aka jera su bisa tarihi, aka kwatanta matsayin shafi kafin kowane sauyi da bayansa.

Sakamako

A ƙarshen 2003 masu adawa da Shugaban Amurka George W. Bush suka haɗa baki suka riƙa yin mahaɗi zuwa tarihinsa da ke shafin fadar White House, suna rubuta "miserable failure", wato wanda ya gaza matuƙa. Ko ɗaya daga cikin kalmomin nan babu a shafin, amma duk wanda ya neme su a Google shi yake fara gani. Haka aka yi ta tafiya fiye da shekara 3, sai a Janairun 2007 Google ya sanar da gyara, shafin ya ɓace daga wannan matsayi.

Abin da manazarta suka cika tsallakewa shi ne na watan Afrilun 2007. Ma'aikatan fadar suka saka wani rubutu mai ɗauke da kalmar "failure" a shafin, nan take ya dawo kan gaba ga mai neman kalmar. Mahaɗan nan suna nan, ba a ƙara ba, ba a rage ba. Abu ɗaya ne ya sauya: shafin ya furta kalmar da bakinsa. Ashe gyaran bai goge nauyin rubutun mahaɗi ba, ya dai ɗaure shi ne har sai shafin ya gaskata shi. Da wuya a samu gwajin da ya fi wannan tsabta, ga shi kuma ba wani mai bincike ne ya shirya shi ba.

Abin da ya biyo baya ya bi wannan layi. A Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta fallasa dubban mahaɗan da aka dasa don ɗaga kantin J.C. Penney, Google ya sauke shi. Ran 24 ga Afrilu 2012 Google ya fito da gyaran da ake kira Penguin, wanda ya shafi kimanin kashi 3.1 cikin 100 na binciken Turanci, kuma daga Satumban 2016 ya koma watsi da mahaɗan bogi maimakon hukunta shafin.

Iyakar Bincike

Za a ce misali ɗaya ne, na Turanci, kuma ya kwana biyu. Haka ne, sannan Google ya ƙara ma'aunai da yawa tun lokacin. Sai dai masu lissafin kashi-kashi ba su kawo ko guda mai ƙarfinsa ba.

Kammalawa

Masu shafukan Hausa da suka saba rubuta "latsa nan" su riƙa faɗin abin da ke bayan mahaɗin, kamar "farashin masara a kasuwar Dawanau", su kuma tabbatar shafin da suka nuna maganar da yake yi ke nan.