Faifan Kawu da Sabon Bugu: Wanne Ne Na Asali?

Wata ranar Asabar, ina saukowa daga shirin tsofaffin waƙoƙi da nake gabatarwa a wani gidan rediyo a Dapaong, sai wayata ta yi ƙara. Kawuna ne daga Nano. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Ɗana, wace waƙa ce ka sa mana a ƙarshe?" Na ce, "Kawu, ai 'Haka Dunia' ce ta su Abass, wadda kuka daɗe kuna nema." Ya ce, "Sunan dai nata ne, amma ba ita ba ce. An taɓa ta."

Kawu ya yi yaron mota a hanyar Lome zuwa Dapaong, kuma a Sokode ya sayi faifan waƙar tun yana saurayi. Ni kuwa sabon bugun da aka yi a Turai na sa. Maganarsa ta tsaya mini a rai, domin aikina ke nan: in ce wa jama'a ga waƙar wane ta shekara kaza. In har abin da nake sa musu ba shi ne iyayenmu suka ji ba, to ƙarya nake yi musu ban sani ba. Wannan ya sa na bi diddigin yadda waƙa ke tasowa daga ɗakin ɗauka har ta iso kunnenmu bayan shekara hamsin.

Mu fara da faifan kansa. A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifai mai juyi 33 da ɗan ɗori a minti guda, a 1949 kuma RCA ya kawo ƙarami mai juyi 45, waƙa ɗaya a kowane gefe. Wannan ƙaramin shi ya cika kasuwannin Afirka ta Yamma. Mawaƙan Togo na wancan zamani sau da yawa sai sun ƙetare iyaka kafin su sami faifai. A Faris Bella Bellow ta yi aiki da Manu Dibango a 1969, kafin hatsarin mota ya ɗauke ta ranar 10 ga Disamba, 1973. Kamfanin Sonafric na Faris ne ya fitar da kundin Akofa Akoussah a 1976. Ƙungiyar Orchestre Abass kuwa, wadda Malam Issa Abass ya kafa, a 1972 ta fitar da ƙananan faya-faye biyu masu tambarin Polydor. Biyu daga cikin waƙoƙin sunayensu Hausa ne tsantsa, "Haka Dunia" da "Samarin Banza". Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san cewa ayarin fataken goro daga Kano zuwa Gwanja sun ratsa ta ƙasar Sokode da Mango, suka bar zango da harshe.

Daga nan kaset ya shigo. Philips ne ya ƙera shi a 1963, kuma kafin ƙarshen shekarun 1980 ya kore faifai daga kasuwanninmu, saboda araha da sauƙin kwafa. Kamfanoni suka rufe, aka bar manyan tef ɗin da aka ɗauki waƙoƙin a kansu tun farko, waɗanda zan kira uwar tef, suna shan ƙura a ɗakunan ajiya. Malam Issa Abass kansa an kashe shi a 1993. Sai a 2008 Samy Ben Redjeb, mai kamfanin Analog Africa da ke Frankfurt a Jamus, ya ci karo da tarin tef na PolyGram a Gana, cikinsu har da waƙoƙin su Abass da ba a taɓa fitarwa ba. A shekarar ne kamfanin ya fitar da African Scream Contest, tarin waƙoƙin Benin da Togo, a 2010 ya biyo da Afro-Beat Airways na Gana da Togo, daga baya kuma ya tattara waƙoƙi shida na su Abass a kundin De Bassari Togo. Kamfanin Hot Casa na Faransa shi ma ya fitar da Togo Soul 70 a 2016. A Nijar haka aka yi da kaset ɗin Mamman Sani na 1978, wanda Sahel Sounds ya sake bugawa a 2013.

To, a nan ne ruɗanin yake. Abubuwa uku ne mutane ke haɗawa su kira su da suna ɗaya. Na farko sake bugu: a ɗauko waƙar yadda take a sake fitar da ita. Na biyu gyaran sauti: injiniya ya ɗauki waƙar da aka riga aka haɗa, ya rage shuu ɗin tef, ya daidaita kauri da kaifi, ya ƙara ko ya rage ƙarfi. Na uku sake haɗi: a koma ga tef mai layi-layi, inda murya ke layinta, ganga ke nata, jita ke nata, a sake auna kowanne. Gyaran sauti kamar ɗumama miya ne a ɗan ƙara gishiri. Sake haɗi kuwa sai an samo ɗanyen kayan miyar an sake girki daga farko.

Turawa sun daɗe suna wannan gardama. Kundin Sgt. Pepper na ƙungiyar Beatles ya fito a 1967, an ɗauke shi da na'ura mai layi huɗu. Mawaƙan sun fi ba da hankalinsu ga haɗin mono, wato sauti mai fita ta hanya guda, domin shi yawancin mutane ke saurare a lokacin. A 2017 Giles Martin, ɗan George Martin wanda ya yi haɗin farko, ya sake haɗa kundin a sitiriyo. Wasu suka ce yanzu ne suka ji gangar sosai, wasu suka ce an taɓa musu tarihi. A 2022 aka ƙara gaba da kundin Revolver, inda aka yi amfani da wata fasahar kwamfuta ta kamfanin Peter Jackson wajen raba kayan kiɗan da aka cusa a layi guda. Irin wannan fasaha yanzu ta iso wayoyin hannu. Shi ya sa za ka ji muryar Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, an zare ta daga cikin kalangu an ɗora a kan fiyano, ana rabawa a katin waya ba tare da an faɗi wanda ya yi ba.

Da na fahimci wannan, sai na shirya gwaji. Na je Nano na roƙi Kawu aron faifansa, ya ba ni a nannaɗe cikin tsohon rawani, da sharaɗin in dawo da shi da hannuna. Na haɗa kwafi uku na waƙar: tsohon faifan, sabon bugun, da wani kwafin MP3 da ke yawo a WhatsApp wanda wani ya ƙara wa bugun ganga na kwamfuta. Abu na farko da na yi shi ne daidaita ƙarfinsu, domin kunnen ɗan Adam yana da wata lalura: duk wanda ya fi ƙara, shi yake ɗauka ya fi daɗi. Masu gyaran sauti sun san haka, shi ya sa tun daga shekarun 1990 ake matse waƙoƙi don su yi ƙara, har ya zama babu bambanci tsakanin wuri mai laushi da wuri mai ƙarfi.

Ga abin da kunnena ya ji. Tsohon faifan yana da ƙas-ƙas tun daga farko, kaifin sautin ya dushe, domin allura ta shekara da shekaru tana cin ramin. Kaurin ma bai kai ba, kuma wannan ba laifin tsufa ba ne kaɗai: masu yanka faifai sukan rage kauri don kada allura ta yi tsalle. Amma murya da ogan suna tsaye a gaba, a dunƙule, kamar ƙungiyar na cikin ɗaki ɗaya da kai. Sabon bugun ya fi shi tsabta nesa ba kusa ba. Na ji jitar bas tana tafiya daki-daki, na ji ƙananan bugun da ƙas-ƙas ya binne a tsohon. Kwafin WhatsApp kuwa a minti na farko ya fi su armashi, a na uku kunne ya gaji. Sabuwar gangar ba ta numfashi, ta danne makaɗin asali, an kuma goge shuu ɗin har an haɗa da jelar sautin ogan.

Na koma Nano ranar kasuwa, na zaunar da Kawu a zaure, na sa masa ukun ban faɗa masa wanne ne wanne ba. Na ukun ko rabi bai kai ba ya ɗaga hannu ya ce a kashe. Na biyun ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Wannan ta yi wanka." Da na sa nasa faifan, na zaci zai ce ga ta nan. Sai ya yi shiru, can ya ce, "Muryar ce, amma ta cika sauri. Tamu ta fi wannan natsuwa."

Na kwana ina juya maganar kafin na gane. A zamaninsu babu lantarki a garin, garmahonsu da batir yake aiki. In batir ya fara sanyi, faifan ba ya cika juyi 45, sai waƙar ta ja jiki, murya ta ƙara kauri. Batir kuwa kuɗi ne, ba a canza shi sai ya mutu murus. Ashe waƙar da Kawu ya riƙe a zuciyarsa shekara hamsin ba ta kan tef, ba ta kan faifai. Ta garmaho mai raunin batir ce, a tashar mota, da dare. Ita kuwa babu kamfanin da zai iya sake buga ta.

Wannan bai sa na ce duk ɗaya ba ne. Uwar tef ita ta fi kusa da abin da makaɗa suka buga. Tsohon faifai shi ne shaidar abin da suka amince a sayar da sunansu. Gyaran sauti mai kyau yana cire ƙura ne ya bar fuska. Sake haɗi kuwa sabon aiki ne, ba laifi ba ne a yi shi, laifin shi ne a ɓoye. Wanda ya ɗora ganga a kan waƙar mamaci ya raba ta da sunan mamacin kaɗai, ya sa masa rigar da bai zaɓa ba, kuma yaran da suka taso da ita za su ɗauka haka ya yi.

Abin da ya fi damuna shi ne, gardamar tana yiwuwa ne kawai in asalin yana nan. A ranar 1 ga Yuni, 2008, gobara ta cinye ɗakin ajiyar Universal a Amurka da ɗimbin uwayen tef. In haka ta sami masu kuɗi, ina ga kwalayen kaset da ke jibge a gidajen rediyonmu da shagunan zango, zafi na narkar da su, ƙurar hunturu na shiga, damina na kawo musu danshi? Duk mai irin wannan ajiya, ya kwafe ta a kwamfuta yadda take, a tsarin WAV, kada ya goge komai. Ya rubuta sunan mawaƙi da shekara da tambarin kamfani. In zai yi gyara, ya yi a kan kwafi na biyu. Kada kuma ya yar da faifan don ya kwafe shi.

Ni dai tun daga ranar na canza yadda nake gabatarwa. Kafin in sa waƙa nakan ce wannan daga tsohon faifai ne, ko sabon bugu ne na shekara kaza, ko haɗin wani ne. Faifan Kawu na mayar masa da hannuna cikin rawaninsa. Ya karɓa, ya duba gefe da gefe, ya ce ranar Asabar in sa masa wadda ta yi wankan, ya ji bas ɗin nan da kyau. Allah ya jiƙan waɗanda suka buga, ya ba mu ikon adana abin da suka bari.