Tsara Kwangila da Sayen Kayan Aiki a Gyaran Ruwan Sha da Magudanan Ƙazanta: Tarihin Birnin Landan

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi tarihin yadda birnin Landan ya gyara ruwan shansa da magudanan ƙazantarsa a ƙarni na 19, ta fuskar abin da akan yi a ofis tun kafin a kafa diga a ƙasa. Watau a duba wa ke da ikon ba da aiki, ina za a samo kuɗi, yaya za a rarraba kwangila, kuma wane irin kaya za a yarda ɗan kwangila ya kawo. Masu rubuta wannan tarihi sun fi yawaita yabon gwanintar injiniyan da ya shugabanci aikin, kuma lalle ya cancanci yabo. Amma Landan ta yi shekara 10 tana da injiniyoyi da taswirori ba ta gina abin kirki ba, har sai ranar da aka warware maganar iko da maganar kuɗi. Wannan shi ne abin da ya kamata ɗalibi da ma'aikacin gwamnati su lura da shi a cikin labarin.

Halin da birnin yake ciki

A shekarar 1801 mutanen Landan ba su wuce kimanin miliyan 1 ba, amma zuwa 1851 sun haura miliyan 2. Yawancin gidaje suna da ramin masai a ƙarƙashinsu ko a bayansu, akan biya masu kwasa su yashe shi da dare. Magudanan da ke akwai an yi su ne don ruwan sama, kuma duka suna gangarawa ne cikin Kogin Tems wanda ya ratsa tsakiyar gari. Da masu hali suka fara sa ban-ɗaki mai aiki da ruwa a gidajensu, sai ramukan suka riƙa cika suna tumbatsa. A 1848 aka kafa Hukumar Magudanai ta birnin, ita kuwa ta matsa a toshe ramukan masai a haɗa gidaje da magudanan ruwan sama. Ta haka ƙazantar mutum miliyan 2 ta koma cikin kogi.

To, daga wannan kogin ne wasu daga cikin kamfanonin sayar da ruwa suke ɗiba suna aika wa mutane ta bututu. Daɗin daɗawa, ruwan teku yana shigowa kogin yana janyewa sau biyu a yini, saboda haka abin da aka zubar da safe yakan dawo da maraice. Annobar kwalara, watau amai da gudawa, ta shiga Landan a 1832. Ta dawo a 1848 zuwa 1849 ta kashe mutum 14,000 da 'yan kai, ta sake dawowa a 1853 zuwa 1854 ta kashe fiye da 10,000. A lokacin galibin likitoci sun ɗauka warin iska ne ke kawo cutar. Likita John Snow shi ya nuna a 1854 cewa ruwa ne, ta hanyar bin diddigin waɗanda suka sha daga wani famfon tuƙa-tuƙa a unguwar Soho, da kuma gwama mace-macen gidajen da kamfanin Lambeth ke ba ruwa, wanda ya riga ya mai da wurin ɗibansa can sama da gari, da na gidajen da kamfanin Southwark da Vauxhall ke ba ruwa daga cikin gari.

Shekarun da aka ɓata

Hukumar Magudanai ta 1848 ta fara ne daga inda bai kamata ba. A 1849 ta yi shela cewa duk mai dabarar yadda za a tsabtace birnin ya kawo, ba tare da ta fayyace iyakar aikin ko abin da take iya biya ba. Aka kawo mata tsare-tsare fiye da 100, ba ta karɓi ko ɗaya ba. An rushe ta an sake naɗa ta sau da dama kafin 1855, kuma ikonta na cin bashi bai kai ya ɗauki babban aiki ba.

Ta ɓangaren ruwan sha kuwa, Majalisar Dokoki ta bi wata hanya dabam. Dokar Ruwa ta 1852 ta bar sana'ar a hannun kamfanoni, ta umurce su da su daina ɗiba daga ɓangaren kogin da ruwan teku ke kaiwa, watau ƙasa da Teddington, daga 1855, su riƙa tace ruwan, su kuma rufe tafkunan ajiyar da ke kusa da gari. Dabarar tacewa da yashi sananniya ce tun 1829, lokacin da James Simpson ya gina irinta wa kamfanin Chelsea. Abin da dokar ta rasa shi ne isasshen mai sa ido.

A 1855 aka yi dokar da ta kafa Hukumar Ayyukan Birni, wadda ƙananan hukumomin unguwanni ke aiko mata da wakilai. Ta fara aiki a 1856, John Thwaites yana shugaba, Joseph Bazalgette yana babban injiniya. Cikin 'yan watanni Bazalgette ya gabatar da tsarinsa. Sai dai dokar ta ce duk aikin da ya wuce fam 50,000 sai Kwamishinan Ayyuka na gwamnati ya sa hannu. Kwamishinan lokacin, Benjamin Hall, ya ƙi amincewa, a bisa hujjar cewa inda za a juye ƙazantar ya yi kusa da gari. Ya naɗa masana uku su duba, suka kawo nasu tsarin a 1857 wanda zai ci fiye da fam miliyan 5, watau ninki biyu na ƙiyasin Bazalgette. Gwamnati tana son a kai ƙazantar nesa amma ba ta yarda ta biya bambancin ba, hukumar kuma ba ta yarda ta ɗora wa masu gidaje kuɗin da ba ita ta tsara ba. Haka aka kwashe shekara 2 ana musayar takardu.

Dokar 1858

A bazarar Turai ta 1858 aka yi zafi mai tsanani, ruwan kogi ya ja baya, wari ya game gari. Ginin Majalisar Dokoki a bakin kogin yake, har ta kai ana jiƙa labulen tagoginsa da maganin kashe wari. Benjamin Disraeli, wanda ke riƙe da Baitulmali, ya gabatar da shirin doka, aka zartar da shi cikin kwana 18, ya zama doka ranar 2 ga Agusta, 1858.

Dokar ta cire hannun Kwamishinan Ayyuka daga amincewa da tsarin, ta bar wa hukumar ita kaɗai ta yanke shawara ta kuma ɗauki alhaki. Ta ba ta ikon cin bashin fam miliyan 3, Baitulmali ya tsaya mata lamuni, abin da ya sa ta sami rance da sauƙin ruwa. Sa'an nan ta ƙayyade inda za a samo kuɗin biya: harajin taro, watau kwabo 3, a kan kowace fam ta ƙimar hayar gidaje, har tsawon shekara 40. Ɗan kwangilar da zai zuba dukiyarsa wajen sayen bulo da ɗaukar leburori ya san ke nan kuɗin biyansa suna nan a ƙasa, kuma ba za su yanke ba don an sake gwamnati. Aka fara aiki a farkon 1859.

Rarraba kwangila

Tsarin Bazalgette shi ne a gina manyan magudanai masu bin tsawon kogin daga yamma zuwa gabas, uku a arewacinsa, biyu a kudancinsa, su tare tsofaffin magudanai kafin su kai bakin ruwa. Daga nan su kai ƙazantar Beckton a gefen arewa da Crossness a gefen kudu, a tara ta a manyan tafkuna, a sake ta lokacin da ruwan teku ke janyewa. Inda ƙasa ta yi kwari sai a sa injunan tururi su ɗaga ta. Tsawon manyan magudanan ya kai mil 82, ga kuma kimanin mil 1,100 na ƙananan magudanan tituna.

Hukumar ba ta danƙa wannan duka a hannun mutum ɗaya ba. Ta yanka aikin gunduwa-gunduwa, ofishin injiniya ya zana taswirar kowane yanki, ya rubuta ƙa'idojinsa da yawan kayan da zai ci, sa'an nan aka yi shelar neman tayi. An fara da magudanan tudu, waɗanda ruwa ke gangarawa a cikinsu da kansa, domin jama'a su fara cin moriya tun kafin injuna su iso. George Furness ya sami babbar magudanar da ta nufi Beckton, William Webster ya sami ta kudu da ginin tashar Crossness, kamfanin James Watt kuma ya ƙera injuna huɗu na tashar.

Duk da wannan shiri an gamu da cikas. Aikin ya ci bulo miliyan 318, kuma saboda yawan buƙata farashin bulo ya tashi da kusan rabi, ladan magini kuma ya tashi daga sule 5 zuwa sule 6 a yini. Magina sun yi yajin aiki a 1859 zuwa 1860. Ɗan kwangilar da aka fara ba magudanar tsakiya ta arewa ya kasa, sai da aka mai da aikin ga Thomas Brassey, wanda ya shahara wajen shimfiɗa hanyoyin jirgin ƙasa. Da aikin a hannu ɗaya yake, da faɗuwar mutum ɗaya ta tsai da kome. Ƙiyasin farko ma bai isa ba, domin a 1863 sai da aka ba hukumar izinin ƙara cin bashin fam miliyan 1 da dubu 200.

Maganar siminti

Shawarar da ta fi kowace tasiri wajen sayen kaya ita ce ta siminti. Abin da magina suka saba da shi shi ne wanda ake kira simintin Rum. Simintin Portland, wanda Joseph Aspdin ya yi wa rajista a 1824, ya fi shi ƙarfi da jure ruwa, amma ya fi tsada, kuma ingancinsa yakan bambanta daga buhu zuwa buhu, gwargwadon yadda aka gasa shi. Bazalgette ya zaɓi mai tsadar, ya kuma sa sharaɗi a cikin kwangila cewa duk kayan da aka kawo sai an gwada. Mataimakinsa John Grant shi ya tsara gwajin: a auna nauyin simintin, a kwaɓa samfuri a zuba a ma'auni, a bar shi cikin ruwa kwana 7, sa'an nan a sa na'ura ta ja shi har ya tsinke. In bai kai ƙarfin da aka rubuta ba, a mai da kayan duka ga mai su. Hausawa na cewa sai an gwada akan san na ƙwarai. Masu masana'antu da suka ga ana dawo musu da kaya sai suka gyara yadda suke gashi, har ingancin simintin ƙasar baki ɗaya ya ɗaukaka. Magudanan da aka gina da shi suna aiki bayan fiye da shekara 150.

Yariman Wales ya buɗe tashar Crossness ranar 4 ga Afrilu, 1865, ta Abbey Mills kuma ta biyo baya a 1868. Magudanar kwari ta arewa ita ta fi jinkiri, domin an haɗa ta da aikin gina ganuwar bakin kogi, inda aka shimfiɗa ta tare da hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa da ramin bututun ruwa da na gas, aka ɗora titi a sama. An buɗe ganuwar Victoria a 1870, ta Chelsea a 1874.

Abin da tsarin ya bari a baya

A 1866 kwalara ta sake ɓarkewa, ta kashe fiye da mutum 5,000, galibinsu a gabashin birnin, inda ba a gama haɗa magudanai ba. Binciken William Farr na ofishin rajistar haihuwa da mutuwa ya gano cewa kamfanin ruwa na gabashin Landan ya ba mutane ruwan da ba a tace ba daga tafkinsa na Old Ford, saɓanin dokar 1852. A nan aibin raba aikin gida biyu ya fito fili: magudanai suna hannun hukumar jama'a mai gwada kowane kaya, ruwan sha yana hannun kamfanonin da ba mai duba su sosai. Sai a 1904 Hukumar Ruwa ta Birni ta karɓi kamfanonin takwas, bayan dokar 1902.

Abu na biyu, tsarin bai tanadi sarrafa ƙazantar ba, gusar da ita kawai ya yi. A Satumba 1878 jirgin fasinja mai suna Princess Alice ya nutse kusa da inda ake juye ta, mutum fiye da 600 suka hallaka, aka yi ta ƙorafi a kan ƙazantar ruwan wurin. Daga 1887 aka fara tace laka ana loda ta a jiragen ruwa ana kai ta teku, kuma ba a daina ba sai 1998.

Abu na uku ya shafi amana. A 1888 kwamitin bincike a ƙarƙashin Lord Herschell ya tabbatar cewa wasu jami'an hukumar masu kula da filaye da gine-gine suna karɓar toshiyar baki. A 1889 aka rushe ta, Majalisar Gundumar Landan ta gaje ta. Tsananin da aka yi wajen gwada siminti ba a yi irinsa ba wajen cinikin filayen da hukumar ke saye tana sayarwa.

Kammalawa

Magudanan Bazalgette suna ɗaukar ƙazanta da ruwan sama tare, kuma an yi musu kafofin da za su amayar cikin kogi in sun cika. Da mutanen birnin suka doshi miliyan 9, amayarwar ta yawaita, har aka haƙa sabon rami mai tsawon kilomita 25 a ƙarƙashin kogin, wanda aka fara a 2016 aka gama haɗa shi a 2025. Kamfanin da aka kafa don aikin sunan Bazalgette aka sa masa. An raba babban aikin kwangila uku, yamma da tsakiya da gabas, gwamnati ta tsaya wa masu zuba jari a kan wasu haɗurra, aka kuma ɗora biyan kuɗin a kan takardar kuɗin ruwan jama'a. Duk wanda ya san dokar 1858 zai ga kamanninta a nan.

Saboda haka ma'aikacin da aka ɗora wa shirya irin wannan aiki, a kowane birni yake, yana da tambayoyin da zai amsa kafin ya yi shelar neman tayi. Shin hukuma ɗaya ce ke da ikon yanke shawara, kuma ita ce za ta amsa laifi? An san inda kuɗin biya za su fito har ƙarshen aiki? An lissafa yadda buƙatar aikin kanta za ta ɗaga farashin kaya a kasuwa? An rubuta gwajin da za a yi wa kaya da wanda zai yi shi? Ruwan da zai shiga gidaje da wanda zai fita daga cikinsu, an tsara su tare? Landan ta amsa wasu daga cikin waɗannan a 1858, ta bar wasu, kuma waɗanda ta bari sun ci rayuka a 1866, sun kuma ci kuɗi har zuwa 2025.