Tsatsa a Bakolori: Galma da Injin Italiya

Shirin yau kan tsatsa ne. E, tsatsa dai, wadda ke cin ƙarfe. Kada ku yi saurin wucewa, don ɗan Mafara da na Bakura da na Maradun sun san irin dukiyar da ta ci mana.

Mu faro daga baya. Kafin ƙarfen Turawa ya cika kasuwa, mutanenmu da kansu suke haƙo tama, su narka ta da gawayi, maƙeri ya ƙera. Aiki ne na kwana da kwanaki, shi ya sa ruwan galma guda dukiya ne, ba a wasa da shi. In an gama girbi, manomi zai kankare laka, ya goge ƙarfen da yashi, ya bar shi ya bushe, ya shafe da man kaɗe ko man gyaɗa, ya rataye nesa da danshin ƙasa. Bai shiga ajin kimiyya ba, amma ya san tsatsa ba ta kama ƙarfe sai ruwa da iska sun haɗu a kansa, mai kuwa shi ke tare su. In ta riga ta kama, dutsen washi na nan. In ta ci sosai, a kai wa maƙerin gari ya mayar da shi wuta. Duk gyaran bai wuce tafiyar ƙafa ba.

To, sai ga 1974. Gwamnatin tarayya ta fara gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin, aka gama a 1978. An tsara ban ruwa ga hekta 23,000, fiye da rabi da bututun da ke fesa ruwa kamar na sama. Ruwa ya cinye ƙauyuka da gonaki, wasu aka hana su noma ana baje filaye, maganar diyya kuma ta zama ja-in-ja. Manoma suka tare hanyoyi. Ranar 28 ga Afrilu 1980, zamanin Shagari, Shehu Kangiwa na gwamnan tsohuwar Jihar Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta ce mamatan ba su kai talatin ba, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne. Allah ya jiƙansu. Abin haushi, yawancinmu mun gama sakandare ba a taɓa faɗa mana wannan a aji ba.

Kayan da aka zubar da jini a kansu fa? Suna son lantarki, kayan gyaransu sai daga waje, babu maƙerin da aka koya wa ko kunce su. Kuma na wa ne? Na gwamnati, wato ba na kowa ba. Wa zai shafa musu mai? Zuwa 2003 fesawar ta tsaya cak, abin da ake nomawa bai wuce hekta 7,500 ba, galibi shinkafa, da ruwan da ke bin magudana da kansa. Manomi ya ci gaba da galmarsa da laujensa, bututu na kwance a gefe tsatsa na ci.

A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING, Bakolori na cikin wuraren da aka sa a gyara, tare da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Ni dai a ganina ƙungiyoyin nan sun fi simintin muhimmanci, in har za a bar manoma su riƙe su da gaske, kuma mu matasa mu shiga.

Kafin nan, kai mai ɗan injin ban ruwa, in rani ya ƙare ka zubar da ruwan cikinsa kafin ka ajiye. Felu da lauje kuwa, ka jiƙa tsatsar da kananzir, ka goge da burushin waya, ka shafa mai ko baƙin mai ne, ka ɗaga su daga ƙasa.