Shibra: Kalmar Manoma a Littattafan Masana

A ƙasar El Allassane Maïreyrey, da sauran jigayin da ke tsakanin Mayahi da Tasawa, babu manomin da bai san shibra ba, wato hatsin nan mai gajeriyar zangarniya da gashi, wanda yakan tsiro kamar gero sak har ya kuɓuta daga hannun mai rage shuka, sa'an nan ya riga sauran nuna, ya zubar da ƙwayarsa ƙasa tun kafin a zo girbi. Ba mai ajiye ta iri. Amma idan rumbu ya ƙare ana tsakiyar damina, ita ake karyowa a rufa asirin gida.

Masanan tsirrai da suka yi bahasi kan asalin gero, irin su Brunken da de Wet da Harlan a 1977, da wannan suna suka kira ta, suka kuma kafa hujja cewa barbarar yanyawa ce tsakanin geron gida da na daji, domin iska takan kwashi bununin wannan ta kai wa wancan. Alal haƙiƙa na dajin shi ne asali, kuma ɗan Adam, ta hanyar zaɓen zangarniyar da ba ta zubar da ƙwaya, shekara bisa shekara, shi ya mayar da shi abincin gida. Shaidar haka ita ce ragowar geron noma da aka tono a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali, mai kimanin shekara 4,500. Da irin wannan zaɓe na manoma da makiyaya Darwin ya buɗe littafinsa na 1859, kafin ya taɓo wanda yanayi ke yi.

Al'amarin kuwa bai yanke ba. Da masu bincike suka gwama irin geron da aka tattara a ƙauyukan Nijar a 1976 da na 2003, sai suka tarar na 2003 ya fi saurin fitar da kai, bayan shekarun fari da suka taƙaita damina. A ganina, mai tadabburi cikin hikimar Mahalicci bai kamata ya raina wannan ilimi ba. Ina kira ga manomanmu da su riƙe irin kakanninsu tare da na zamani, su kuma ci gaba da zaɓensa tun yana gona.